Koyon Sifaniyanci da Waƙa: Shawararmu ga Samarin Gazara da Iyayensu

Duk wanda ya taɓa kwana a Gazara, ko Makarfi, ko Hunƙuyi, ko Ikara, a daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona, ya san ba a samun masakar tsinke a gidajen kallon ƙwallo. Samari ne maƙil, kowa ya haddace sunayen 'yan wasa da na garuruwansu kamar can aka yanke masa cibiya. Daga wannan sha'awa ce waɗansunsu suka fara kwaɗayin jin harshen mutanen Sifaniya. Da yake kuwa malamin wannan harshe yana da wuyar samu a ƙasar Zazzau, sai suka koma ga wayoyin hannunsu, suka cika su da waƙoƙin Sifaniyanci, suna bi suna rerawa. To, a nan rigima take tashi. Uba ya shigo zaure ya tarar da ɗansa da 'yar igiya a kunne yana ta gunguni da abin da ba wanda ya sani, ya tambaye shi, yaro ya ce karatu yake yi. Uban ya ce in dai wannan karatu ne, ashe makaɗan garin nan duk shehunnai ne.

Mun dubi wannan gardama da idon basira, muka ga uba da ɗa kowa ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi. Ra'ayinmu shi ne waƙa hanya ce mai kyau ga wanda ya fara koyon baƙon harshe, har ma ba mu san wadda ta fi ta sauƙi ga talaka ba. Amma sai an bi ta da sharaɗi. In ba a kiyaye sharaɗin ba, maganar uban ita ce za ta tabbata.

Bari mu fara da iyaye, don su ne manya. Koyo da waƙa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, da shi aka yaye mu duka. Yaro a makarantar allo da rauji yake koyon babbaƙu da farfaru. Ɗan firamare da rerawa yake haddace biyu sau biyu huɗu. In ɗalibi ya girma ya zauna a zauren malam don neman nahawun Larabci, ba da jimawa ba za a miƙa masa Alfiyya ta Ibnu Malik, watau ƙa'idodin harshen Larabci da aka tsara cikin baiti kusan 1,000 don su zauna a ka. Shehu Abdullahi na Gwandu ya bi wannan tafarki, ya tsara nahawu da sarfu cikin waƙe. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙi ta karantar da matan ƙauyuka ta hannun jajis ɗinta, cikin Fulatanci da Hausa da Larabci. A nan ƙasar Zazzau kuwa, mutane nawa ne suka san hukunce-hukuncen addini daga Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi tun ba su iya karanta ko harafi ɗaya ba? Waɗannan bayin Allah ba wasa suke yi ba. Sun gane cewa magana mai awo da amsa-amo ta fi zube zama a zuciya.

Akwai kuma wani abu da ya kamata iyaye su sani game da ita ƙasar da 'ya'yansu ke kwaɗayin harshenta. Sifaniya ita ce Andalus ta cikin littattafanmu, inda Musulmi suka yi mulki a sassanta daga shekarar 711 har zuwa 1492. Shi Ibnu Malik mai Alfiyya a garin Jayyan aka haife shi, wanda yau ake kira Jaén, ya rasu a Dimashƙa a 1274. Alfazazi mai Ishiriniya, wadda ake rerawa a kowane gari na ƙasar Hausa, mutumin Ƙurɗuba ne, watau Córdoba, ya rasu a 1230. Imamu Shaɗibi, wanda ya tsara ƙira'o'i bakwai na Alƙur'ani cikin waƙe, daga garin Shaɗiba ya fito, ya rasu a Alƙahira a 1194. Ashe ke nan mun yi ƙarnuka muna koyon wani baƙon harshe, watau Larabci, ta bakin mawaƙan ƙasar Sifaniya. Wanda ya san wannan ba zai ce koyo da waƙa shashanci ne ba.

Masu binciken zamani ma sun zo sun tarar da abin da kakanninmu suka riga suka sani. A Jami'ar Edinburgh ta ƙasar Birtaniya an tara mutum 60, aka raba su kashi uku, aka koya musu jimloli 20 na harshen ƙasar Hangari, wanda babu mai jinsa a cikinsu. Kashi ɗaya suka riƙa maimaitawa da magana, kashi ɗaya da magana mai awo, kashi na uku da rerawa. Bayan kamar minti 15 aka jarraba su, sai masu rerawa suka fi sauran iya fito da jimlolin da bakinsu. An bayyana sakamakon a 2013. Dalilin kuwa a fili yake. Waƙa tana jan gaɓoɓin kalma har kunne ya rarrabe su, amshi yana sa a maimaita abu sau goma ba a gaji ba, kari kuma yana zama kamar igiya, in ka jawo farkon baiti sai ƙarshensa ya biyo.

Wani zai ce, to, duk mun ji, amma me mutumin Gazara zai yi da Sifaniyanci? Tambaya ce mai kyau, ga amsarta. Mutanen da suka sha wannan harshe a nono sun kusa miliyan 500, kuma shi ne harshen hukuma a ƙasashe 20, mafi yawan jama'a a cikinsu ita ce Meziko. Yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana kuma cikin harsunan Tarayyar Afirka. Maƙwabtanmu ba su yi barci ba. A Kwaddebuwa da Jamhuriyar Benin da Sanigal da Kamaru ana koyar da shi a makarantun sakandare, masu koyonsa kuwa dubun dubata ne. Cibiyar Cervantes, wadda gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991 don yaɗa harshenta, ta buɗe reshe a Dakar a 2021. Su kuma masu son ƙwallo ba sa bukatar mu tuna musu cewa Umar Sadiq, haifaffen Kaduna, ya je Almería a 2020, ya koma Real Sociedad a 2022, ko kuwa cewa Finidi George ya yi shekara huɗu a Real Betis tun daga 1996. Ɗan wasan da bai ji abin da kocinsa ke faɗa ba, bai kuma iya karanta takardar da zai sa wa hannu ba, yana hannun dillali, sai yadda aka yi da shi.

Wannan magana ta sa hannu a takarda tana da tarihi mai ɗaci a ƙasarmu. Kudu da Kalaba, a cikin teku, akwai tsibirin Bioko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, wanda a da ake kira Fernando Po, mutanenmu kuwa suke ce masa Panya, daga sunan ƙasar Sifaniya wadda ta mallake shi. A 1942 gwamnatin Ingilishi ta Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da hukumar Sifaniya ta tsibirin don a riƙa kai 'yan ƙwadago gonakin koko. Dubban 'yan Nijeriya suka tafi, mafi yawansu daga Gabas, ba su jin harshen masu gonakin, ba su jin na alƙalan da za su kai wa ƙara. Ƙasar ta sami mulkin kai a 1968, wahala ta ƙaru a zamanin Macías Nguema, har sai da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kwaso mutanenta a 1975 da 1976. Rashin sani ya fi dare duhu. Har yau Sifaniyanci ne babban harshen hukuma a birnin Malabo, kuma ƙasar maƙwabciyarmu ce ta teku, muna ciniki da ita. Saboda haka samun 'yan Nijeriya masu jin harshen, tafintoci da 'yan kasuwa da ma'aikatan jakadanci, bukata ce ta ƙasa.

Abin da zai ƙara wa samarinmu ƙarfin gwiwa shi ne, Bahaushe ya fi Bature ɗan Ingila samun sauƙin wannan harshe ta fuskoki da dama. Wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, kamar namu, kuma yadda aka rubuta su haka ake faɗinsu, ba kamar Ingilishi ba inda harufan wasali biyar ke ɗauke da sautuka fiye da goma. Suna da "r" iri biyu, ta "pero", watau amma, da ta "perro", watau kare. Bature yakan yi watanni yana fama da su, alhali harshen Bahaushe ya riga ya saba rarrabe bara mai yi wa ubangida hidima da bara ta almajiri. Suna raba sunaye namiji da tamace, galibin masu ƙarewa da "a" kuwa mata ne, kamar "casa", gida, da "mesa", tebur, daidai da yadda muke yi wa riga da hula. Har togaciyar ma akwai ta, don "día", watau yini, namiji ne a wurinsu, kamar yadda ruwa da nama suke a wurinmu. Sa'an nan ga kalmomin Larabci kusan 4,000 da zaman Andalus ya bar musu. Shugaban gari "alcalde" ne, asalinsa ɗaya da alƙalinmu. "Hasta" ita ce hatta. "Azúcar" shi ne sukari, abin da manomin rake na Makarfi da Kudan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tumatir ɗin Ikara ma sunansa daga wani harshen mutanen Meziko ya fito, Sifaniyawa suka ɗauka suka ce "tomate", ya zaga duniya ya iso fadamunmu.

Yanzu sai mu juya ga samari, don ga inda iyayenku suka fi ku gaskiya. Rera waƙa daban, jin harshe daban, kuma Afirka ta riga ta gwada wannan ta ga iyakarsa. Tun daga 1933 wani kamfanin faifai na Ingila, HMV, ya riƙa sayar da faya-fayan kiɗan Kyuba a Afirka, waɗanda aka sani da lambar GV. Kiɗan ya kama mutane ƙwarai daga Dakar har Kinshasa. Mawaƙa da yawa suka kwaikwayi sautin Sifaniyanci har mai sauraro ya rantse a Havana aka haife su, alhali in ka tsayar da ɗayansu ka tambaye shi hanyar kasuwa da harshen, sai ya yi zuru. Waɗanda suka ji harshen sosai su ne irin samari goma da gwamnatin Modibo Keita ta Mali ta aika Havana a 1964 don koyon kiɗa, cikinsu har da Boncana Maïga, waɗanda suka kafa ƙungiyar Las Maravillas de Mali. Su sun zauna a aji, sun yi ciniki, sun yi gardama da harshen. A nan gida ma mun ga misali. Shekara fiye da 60 ke nan Hausawa suna rera waƙoƙin finafinan Indiya, amma masu jin Indiyanci a cikinmu 'yan ƙalilan ne, su ne waɗanda suka ɗauki alƙalami da takarda suka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Sauran duk haddar aku ce.

Ban da wannan, waƙa tana da nata ha'inci ga mai koyo. Mawaƙi yakan karya kalma don ta shiga kari, yakan haɗiye ƙarshenta, yakan ɗora nauyi inda ba wurinsa ba. A Sifaniyanci kuwa nauyin gaɓa yana sauya ma'ana, kamar yadda karin sauti yake yi a Hausa. "Hablo", da nauyi a farko, ina magana ke nan. "Habló", da nauyi a ƙarshe, ya yi magana. Mawaƙan tsibiran Karibiyan sukan zubar da "s" ta ƙarshen kalma, wanda ya koya daga bakinsu kaɗai sai ya kasa rarrabe tilo da jam'i. Mu kuma muna da namu rauni, watau haɗa "p" da "f". "Puente" gada ce, "fuente" marmaro ne, kiɗa mai ƙarfi kuwa yana rufe bambancin, yaro ya yi shekara yana kuskure bai sani ba.

Sai babbar magana, wadda ita ce ainihin tsoron iyaye. Da yawa daga waƙoƙin da suka fi yawo a wayoyi, waɗanda ake yi don gidajen rawa, cike suke da batsa. Yaron da ba zai iya faɗin irin waɗannan kalmomi da Hausa a gaban ƙanwarsa ba, ga shi yana rera su da ƙarfi a gaban mahaifiyarsa don bai san abin da yake faɗa ba. Rashin sanin ma'ana ba ya wanke kalma. Uban da ya tsaya a kan wannan ya yi abin da ya wajaba a kansa, muna kuma goyon bayansa.

To, mene ne abin yi? Ga shawararmu, sharuɗɗa huɗu ne.

Na farko, a zaɓi waƙa kafin a haddace ta. Mai fara koyo ya nemi waƙoƙin yara da na gargajiya masu tafiya a hankali, irin na ƙirga da kwanakin mako da sunayen dabbobi da gaisuwa. Kada girman kai ya hana saurayi rera waƙar yara, don a wannan harshe shi ma jariri ne. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu da kayan kiɗa ba, bisa fatawar malamansa, ba a tilasta masa ba. Amfanin yana cikin awo da rerawa, Alfiyya ma ba da kalangu ake karanta ta ba.

Na biyu, kada a rera baitin da ba a san ma'anarsa ba. A rubuta waƙar a littafi da hannu, a bar layi a ƙarƙashin kowane layi, a bi ta kalma kalma da ƙamus ana sa Hausarta, kamar yadda malamin zaure ke yi wa ɗalibi fassara. In an gama, yaro ya karanta wa mahaifinsa Hausar. Waƙar da ya ji kunyar fassarawa a zaure, ya goge ta daga wayarsa. Wannan sharaɗi shi kaɗai ya isa ya kashe rigimar uba da ɗa.

Na uku, bayan an rera sai a sauko a faɗa da magana. A cire jimla daga cikin kari, a faɗe ta yadda za a faɗa wa mai shago, sa'an nan a riƙa sauya kalma ɗaya. Wanda ya koyi "quiero agua", ina son ruwa, ya gwada "quiero azúcar", ya gwada "quiero tomate". Jimla guda ta haifi goma. Haka kuma sauye-sauyen aikatau, "hablo, hablas, habla, hablamos", a jera su a rera kamar yadda ɗaliban sarfu ke jera fa'ala, fa'alaa, fa'aluu. A nan ne waƙa ke zama harshe.

Na huɗu, a yi kaɗan kullum, kuma a yi cikin jama'a. Rubu'in sa'a kowace rana ya fi sa'a biyar ranar Lahadi. Samari biyar ko shida su riƙa haɗuwa bayan la'asar, wannan ya ba da baiti wancan ya fassara, ɗaya ya yi tambaya ɗaya ya amsa. Waƙa ɗaya a mako ta isa. A shekara an sami waƙa 50, in kowace ta bar wa mutum sababbin kalmomi 20, ga kalma 1,000 a hannu, abin da zai isa gaisuwa da ciniki da tambayar hanya. Sannu ba ta hana zuwa.

Mun san akwai masu cewa yaran ƙauyukanmu da yawa ba su gama iya karatun Hausa da Ingilishi ba, ina amfanin ɗora musu harshe na uku ko na huɗu? Wannan gaskiya ce, ba mu kuwa ce a cusa Sifaniyanci cikin jadawalin firamare ba. Tushe shi ne farko. Maganarmu a kan samarin da suka gama sakandare ne, suna zaune tsakanin girbin rake da noman rani, wayar tana hannunsu ko mun so ko mun ƙi. Gara sa'ar da za su ɓata ta zama ta koyo. Har ila yau hanyar nan da muka zayyana ita ce za ta yi wa ɗan firamare amfani wajen Ingilishi, ta yi wa ɗan Islamiyya wajen Larabci. Ba mu kuma faɗi wannan don mu kwaɗaitar da kowa bin hamada ba. A ranar 24 ga Yuni, 2022, mutum 23 ko fiye suka mutu a shingen Melilla, kan iyakar Maroko da Sifaniya, suna neman tsallakawa. Harshe guzuri ne na mai shiga ta ƙofa, da fasfo da takardar makaranta ko ta aiki.

Muna roƙon hukuma ta sa hannu, abin kuwa ba mai tsada ba ne. Gidajen rediyon Kaduna da Zariya suna iya ware rubu'in sa'a a mako don darasin baƙon harshe cikin waƙa, da fassarar Hausa. Malaman harsuna na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke kusa da mu tun 1962, suna iya haɗa kai da marubuta waƙoƙinmu, su tsara kalmomin farko na Sifaniyanci a kan karin da kunnen Bahaushe ya saba da shi, layi ɗaya baƙon harshe layi ɗaya Hausa, kamar yadda magabata suka yi wa Larabci. In an yi haka an huta da tsoron batsa, don mu muka zaɓi kalmomin da kanmu. Shugabannin ƙananan hukumomin Makarfi da Kudan da Ikara kuwa, aron aji ɗaya da maraice bai fi ƙarfinsu ba.

Iyaye, kada ku fizge wayar, ku nemi a fassara muku abin da ke cikinta. Samari, kada ku ce kuna karatu sai kun iya nuna littafin da kuka rubuta da jimlar da za ku iya faɗa ba tare da kiɗa ba. In kowa ya riƙe nasa, muna sa rai wata rana za a nemi tafinta a Malabo ko Madrid a samu ɗan Gazara. Allah ya sa mu dace, amin.